Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Akwatin bai cika tafin hannuna ba,
baƙi, da guntuwar waya kamar wutsiyar ɓera.
Shekara biyu yana kwance a durowa
tare da takardun gida da tsohon tabaran Baba.
Ya ce in ajiye sai ranar ta zo.
Ranar ta zo, wata Talata, bayan la'asar.

Da aka watse zaman makoki na jona shi.
Ƙas, ƙas, ƙas,
kamar kaza na saran tiren da babu tsaba.

Na kai wa Dayyabu a Ƙofar Ƙaura,
shagon nan mai fanka da karyayyen wuya.
Ya kara shi a kunne kamar mai zaɓen kankana.
"Sau nawa kika kunna shi?"
Na ce bai fi goma ba.
"Goma! Mai targaɗe kika sa tsere."

Ya ce faifai ne a ciki, an ja masa kunyoyi kamar gona.
Wasu kunyoyin sun mutu.
Allura ta zo kansu, ta yi turus,
ta koma, ta sake zuwa, ta ƙara musu rauni.
"In kwamfuta ta ce a goge a sabunta, kar ki yarda.
Irin na gyaɗa za mu yi masa:
a fara cire wadda ta biyo hannu,
a juye a sabon rumbu,
sannan a dawo roro."

Kwana uku yana roro.
Sau huɗu aka ɗauke wuta, na sayi fetur na kai.

Hotunan sunan Ummulkhairi sun fito.
Rasit na mita ya fito, wanda ba mai nema.
Inna ta fito daga goshi zuwa haɓa,
daga wuya zuwa ƙasa kuwa toka ce zalla.

Sai muryar.
Daren da za a yi masa aiki aka ɗauke ta,
ana jin cokali na zaga kofi a bayansa.
"Ga waɗanda ke bi na.
Lurwanu mai man keke, dubu biyu.
Talatu mai waina, kuɗin sati uku.
Sai dubu bakwai da ɗari biyar na..."

Shiru.
Na ƙirga: daƙiƙa goma sha ɗaya.

"...ku kai masa har gida.
Kar ku jira ya tambaya, mutum ne mai kunya."

Na ce Dayyabu, sake.
Ya ce, "Gurbin nan na bi shi sau arba'in,
ta gaba, ta baya, da sanyin asuba.
Sifili na zuba a ramin don fayil ya buɗe,
sifili kuwa ba ya magana."
Ya rage mini dubu ɗaya daga ladansa,
bai dube ni ba.

Lurwanu ya karɓa yana hawaye.
Talatu ta rantse ba za ta taɓa ba.
Sauran na ƙulle a bakin mayafi
na bi layin masu gyaran keken ɗinki,
inda bencin Baba ke nan, wani yaro a kai.
Wa ke bin Malam Ɗalhatu?
Kowa ya girgiza kai.
Wani tsoho mai sayar da zare ya ce,
"In ma ni ne, na yafe tun yana raye."
In ma.
Na dube shi, ya sunkuya yana warware zaren da bai harɗe ba.

Kuɗin na nan a durowa, inda akwatin ya kwanta.
Muryar kuwa wuri uku na raba ta yanzu,
har da wayar ƙanena a Funtuwa.
Wani dare nakan kunna, in ƙara sauti a daidai wurin,
fanka a kashe, taga a rufe,
ko cokalin nan zai motsa.